Zodi Ikhia: Malamin makarantar makiyaya da ya wakilci Nijar a Faransa

Idan ana lissafa mazan jiyan siyasar Jamhuriyar Nijar, galibi a kan Jori Hamani da Jibo Bakari da Bubu Hama ake tsayawa. A yau filin namu zai waiwayi wani da ba a cika ambatonsa ba, alhali ya taɓa kayar da shi kansa Jori a akwatin zaɓe, wato marigayi Zodi Ikhia.

An haife shi a wajejen 1919 a Winditen da ke yankin Filinge, cikin wani babban gida na Buzaye. Ya yi karatu a Yamai da Wagadugu, sannan ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, wadda ita ce ta yaye akasarin malamai da akawunan ƙasashen renon Faransa, har da Jori da Jibo. A wancan zamani kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ga ɗan Buzu ya kai wannan matsayi, domin manyan makiyaya ba su yarda da makarantar Nasara ba, suna ganin dabara ce ta raba su da 'ya'yansu da raƙumansu.

A 1941 ya fara koyar da 'ya'yan makiyaya, daga bisani ya zama shugaban makarantar Buzayen Kel Gres da ke Azarori a ƙasar Madawa. Su Kel Gres ɗin nan daga Abzin kakanninsu suka gangaro, suka zauna tare da Hausawan Adar da Gobir, suna kiwo da fataucin gishiri. To, malamin da ke jin harshensu, kuma ya iya na Bature, dole ya zama tsani tsakaninsu da kwamandan. A ganinmu, nan ne tushen siyasar Zodi, domin a 1948 an zaɓe shi ɗan majalisar shawara ta ƙasa daga yankin Tawa, duk da cewa ba can aka yanke masa cibiya ba.

Da farko ɗan jam'iyyar PPN ne, wadda aka kafa a 1946, ta kuma zama reshen RDA a Nijar. Amma da Turawan mulki suka ga RDA ta ƙulla ƙawance da 'yan kwaminisancin Faransa, sai suka ɗaure wa wata sabuwar jam'iyya gindi, wato UNIS, wadda aka kafa a Maraɗi a 1948 da goyon bayan sarakuna. Zodi ya koma cikinta, ya zama ɗaya daga jiga-jiganta. A zaɓen watan Yunin 1951, UNIS ta cinye kujeru biyun da Nijar ke da su a majalisar dokokin Faransa, shi da Georges Condat, ɗan Maraɗi, suka tafi Faris, Jori ya sha ƙasa. Kada mai karatu ya manta, zaɓe ne da gwamna da sarakuna ke da ta cewa a cikinsa, don haka ba duk nasarar ba ce za a jingina wa farin jinin 'yan takara. Shekara guda bayan haka kuma ya shiga majalisar yankin Nijar yana wakiltar Filinge.

Zaman nasu bai yi ƙarko ba. A majalisar Faransa Zodi ya sauya sheƙa zuwa rukunin IOM, inda Senghor na Senegal yake, a 1953 kuma Condat ya ɓalle ya kafa UPN. Da aka zo zaɓen Janairun 1956, Jori ya dawo da kujerarsa, Condat ya tsira da tasa, Zodi ya tashi a tutar babu. A 1957 ya kafa jam'iyyar FDN, amma ba ta taɓuka komai ba a zaɓen da ya kawo Jibo Bakari kan mulki.

Ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 ce ta farfaɗo da shi. Jibo da Sawaba sun nemi a ƙi tayin Janar De Gaulle, shi kuwa Zodi ya bi sahun Jori da sarakuna masu cewa a amince. Ɓangarensu ya yi rinjaye, gwamnatin Sawaba ta faɗi, kuma a watan Disamba ya koma majalisa, aka naɗa shi ministan ilimi da matasa da wasanni. Tsohon malamin Azarori ke nan ya zama mai riƙe da makarantun ƙasar baki ɗaya. Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka danƙa masa ma'aikatar tsaro, a daidai lokacin da ake harhaɗa rundunar sojan ƙasar, sai a 1963 aka mayar da shi kula da harkokin Afirka.

A watan Disamban wannan shekara ne wasu sojoji ƙarƙashin Kyaftin Hasan Diallo suka yi bore a Yamai. Gwamnati ta zargi Zodi da hannu a lamarin, aka tuɓe shi, aka kuma tsare shi. Mu dai muna ganin PPN ba ta taɓa mantawa da cewa shi tsohon abokin hamayya ba ne, kuma tun da aka haramta Sawaba a 1959, ba ta da sauran buƙatar irinsa. Daga baya Jori ya yi masa afuwa, amma bai sake riƙe wani muƙamin siyasa ba.

Allah Ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 16 ga Fabrairun 1996, makonni uku bayan juyin mulkin Ibrahim Ba'are Mainasara.