Branch Rickey: Mutumin da ya mayar da ƙananan filaye gonar renon 'yan wasa

A wasan besbol na Amurka, wanda ake dukan ƙwallo da sanda, kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi a garuruwa, inda take renon matasa kafin su hau babban mataki. Branch Rickey ne ya kafa wannan tsari.

An haife shi ranar 20 ga Disamba, 1881 a Jihar Ohio. Bai yi fice a filin wasa ba, sai ya karanci shari'a a Jami'ar Michigan, daga baya ya rungumi shugabancin ƙungiya.

Da ya shiga St. Louis Cardinals a 1917, ya tarar ba ta da kuɗin gogayya da manya wajen sayen gwanaye. Sai ya fara sayen ƙananan ƙungiyoyi, ya baza masu farautar hazaƙa lungu da saƙo, ya ajiye masu horarwa a kowane fili. Wanda ya nuna bajinta a ɗaga shi sama, rarar kuma a sayar. Cardinals ta lashe kofin World Series a 1926, 1931, 1934 da 1942.

Tsarin bai rasa masu suka ba, domin albashin matasan ƙanƙane ne, kuma ba su da ikon sauya ƙungiya. A 1938 kwamishinan wasan, Kenesaw Landis, ya 'yanta sama da 70 daga cikinsu.

Bayan ya koma Brooklyn Dodgers, a 1945 ya ɗauki Jackie Robinson, baƙar fata, alhali manyan ƙungiyoyi sun rufe wa baƙaƙe ƙofa. Ya fara tura shi ƙaramar ƙungiyar Montreal Royals da ke Kanada, sannan ranar 15 ga Afrilu, 1947 Robinson ya fito wa Dodgers a filin Ebbets Field.

Rickey ya rasu ranar 9 ga Disamba, 1965.

A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ƙwallon ƙafa ake bugawa, galibi a filayen makarantu. Sai dai matsalar da Rickey ya magance tana nan: yaro mai hazaƙa ba zai kai ga Kano Pillars ba sai an samu fili, mai horarwa, da wanda zai zo ya gan shi.