Wilhelm Rontgen, Mai Hoton Ƙashi

An haifi wannan Bajamushe a Lennep cikin 1845. Yana malamin kimiyya a Jami'ar Wurzburg, ran 8 ga Nuwamba 1895, ya gano wani haske mai ratsa tsoka ya bayyana ƙashi. Da ya tashi ɗaukar hannun matarsa, Anna Bertha, sai da ta yi minti 15 ba motsi, kana ƙasusuwan yatsunta da zobenta suka fito. Mu kuwa a Wasagu, in aka kai mu asibiti aka ce mu riƙe numfashi na ɗan lokaci, har mun ƙosa!

Ya sami kyautar Nobel cikin 1901, ya ba jami'arsa kuɗin, ya kuma ƙi mallake abin da ya gano don kowa ya amfana. Ya rasu a Munich cikin 1923, bayan faɗuwar darajar kuɗin Jamus ta cinye dukiyarsa.