Nana Asma'u, wadda ta tsare rubuce-rubucen Shehu daga ɓata

An haifi Nana Asma'u a Dagel a 1793. Mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an haife shi a 1754 a Marata, kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza ta yanzu a jihar Tawa.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Dagel zuwa Gudu a 1804. Jama'a sun bar gidaje da gonaki, amma littattafan Shehu sai da aka ɗora su kan raƙuma aka tafi da su. A wancan zamani littafi ba ya da maɗaba'a. Takarda daga Turai take zuwa ta hanyar Tarabulus, da tsada, kuma gara da ruwa da gobara ba su raga mata. Littafin da ba a sake kwafe shi da hannu ba, ranar da takardarsa ta ruɓe ya tafi ke nan.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara abin da ya bari da tsara shi. Ba ta tsaya ga adanawa ba. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, don haka ta riƙa juya ilimi daga harshen malamai zuwa harshen jama'a, kamar yadda ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa. Ta kuma kafa Ƴan Taru: jajoji su haddace waƙoƙin a Sakkwato, su kai wa matan ƙauyuka. Ta haka rubutu guda ya samu ma'aji biyu, takarda da ƙirjin mutane.

Ta rasu a 1864, ta bar rubuce-rubuce kusan 60. Zuri'arta, musamman Waziri Junaidu, sun ci gaba da tsare su cikin gafaka, har Jean Boyd da Beverly Mack suka buga su a littafi a 1997.

A yau masu kwashe bayanai daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa, da masu ɗaukar hoton tsofaffin takardu a cibiyar IRSH ta Yamai, ƙa'idar da ta bi suke bi: a yi kwafi tun asalin yana nan, a ajiye shi wuri fiye da ɗaya.