Tunku Abdul Rahman: Ɗan Sarki Mai Taushin Harshe

An haifi Tunku Abdul Rahman a ranar 8 ga Fabrairu, 1903, a birnin Alor Setar na jihar Kedah, a ƙasar da ake kira Malaya a wancan zamani. Mahaifinsa shi ne Sarkin Kedah, Sultan Abdul Hamid Halim Shah. Kalmar Tunku ba suna ba ce, laƙabi ne na 'ya'yan sarauta, kamar yadda Bahaushe ke cewa yarima. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila, amma bai yi fice a aji ba. Jarrabawar lauya ma ta sha kayar da shi, bai haye ta ba sai da ya haura shekara 40.

Baiwarsa ta iya zama da mutane ce. A lokacin nan Malaya tana hannun Turawan Ingila, kuma manyan al'ummu uku ne ke zaune a cikinta: 'yan ƙabilar Malay, wato Malayawa, da Sinawa, da Indiyawa. Addininsu daban, harshensu daban, kuma kowa na zargin ɗan'uwansa. Turawa kuwa sun nuna ba za su ba da mulki ba sai sun ga kan mutanen ya haɗu. A 1951 Tunku ya zama shugaban UMNO, jam'iyyar Malayawa. Da shekara ta kewayo, reshen jam'iyyar na Kuala Lumpur ya haɗa kai da MCA, jam'iyyar Sinawa, a zaɓen majalisar birni, suka ci kujera 9 daga cikin 12. Tunku ya ga hanya, ya faɗaɗa wannan ƙawance, aka jawo jam'iyyar Indiyawa ciki. A zaɓen 1955 suka kwashe kujera 51 daga cikin 52.

Yadda yake tafiyar da ƙawancen abin lura ne. Idan saɓani ya taso a kan harshen hukuma, ko makarantu, ko wanda ya cancanci zama ɗan ƙasa, ya fi son shugabanni su shiga ɗaki su daidaita, maimakon su hau dandali su ci mutuncin juna. Mutum ne mai barkwanci, mai son ƙwallon ƙafa da sukuwar dawaki, kuma sau da yawa da raha yake kashe wutar gardama. Ko abokin gaba bai ƙi zama da shi ba. A watan Disamba na 1955 ya gana da Chin Peng, jagoran 'yan kwaminis masu yaƙi daga daji, a garin Baling. Kwana biyu suna tattaunawa. Ba a daidaita ba, domin Tunku ya ƙi amincewa da jam'iyyarsu, amma kowa ya faɗi tasa a gaban ɗan'uwansa. Ranar 31 ga Agusta, 1957, shi ne ya shelanta samun 'yancin kai a filin wasa na Merdeka da ke Kuala Lumpur, ya zama firayim minista na farko.

A 1963 aka kafa tarayyar Malesiya, har da tsibirin Singafo a ciki. Zaman bai yi daɗi ba, baƙaƙen maganganu suka yi yawa tsakanin 'yan siyasar ɓangarorin biyu. Wasu 'yan jam'iyyar Tunku suka nemi a kama Lee Kuan Yew, shugaban Singafo. Tunku ya ƙi. Ya zaɓi a rabu lami lafiya, aka kuma rabu ranar 9 ga Agusta, 1965.

Sai dai shugaba yana iya mallakar harshensa, ya kasa mallakar na jama'a. A yaƙin neman zaɓen 1969 aka saki baki. Wasu 'yan adawa suna cewa UMNO ta sayar da Malayawa ga Sinawa, wasu kuma suna cewa MCA ta sayar da Sinawa ga Malayawa. An yi zaɓe ranar 10 ga Mayu. Ƙawancen ya ci, amma ya yi asarar kujeru da dama. Magoya bayan 'yan adawa suka yi jerin gwano a titunan Kuala Lumpur, wasunsu suna yi wa Malayawa ba'a da gori. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Ranar 13 ga Mayu rikici ya ɓarke daga unguwar Kampung Baru. Hukuma ta ce mutum 196 ne suka mutu, yawancinsu Sinawa, ko da yake mutane da yawa suna ganin adadin ya fi haka.

Daga nan halin da ake yabon Tunku da shi ya koma abin zargi. Wani matashin ɗan jam'iyyarsa, Mahathir Mohamad, ya rubuta masa wasiƙa mai zafi, yana tuhumarsa da yi wa Sinawa sassauci. An kori Mahathir daga jam'iyya, amma wasiƙar ta riga ta bazu. A watan Satumba na 1970 Tunku ya sauka daga mulki. Maganin da magadansa suka kawo a 1971 shi ne doka: aka haramta tayar da wasu batutuwan ƙabila da harshe, ko da a cikin majalisa ne. A ganina wannan hana magana ne, ba koyar da ladabinta ba.

Bayan saukarsa ya tafi Jidda, inda ya zama sakatare janar na farko na ƙungiyar ƙasashen Musulmi. Da ya komo gida sai ya kama rubutu a jaridar The Star, yana sukar gwamnati cikin sanyin murya da zolaya, har a zamanin da Mahathir ɗin nan ya zama firayim minista. A 1987 gwamnati ta rufe jaridar na 'yan watanni. Tunku ya rasu a Kuala Lumpur ranar 6 ga Disamba, 1990, yana da shekara 87, aka kai shi Kedah aka binne shi a maƙabartar sarakuna ta Langgar.