Likita Cicely Williams, Wadda Ta Saurari Iyaye Mata

A ajin ilmin halittu muna koya wa ɗalibanmu cewa manyan sinadarai huɗu ne suka gina jikin kowane mai rai. Akwai sitaci da danginsa masu ba da ƙarfi, akwai mai da kitse, akwai DNA mai ɗauke da gado daga iyaye zuwa 'ya'ya, sai kuma furotin. Shi furotin shi ne tubalin tsoka da fata da gashi, har abin da ke ɗaukar iska a cikin jini furotin ne. Da yawa cikinmu mun haddace wannan don jarrabawa kawai. Bana muna so mu ba ku labarin wata mace wadda ta ga abin da ke faruwa da yaro idan tubalin nan ya yi ƙaranci.

An haifi Cicely Williams a tsibirin Jamaika ran 2 ga Disamba 1893. Ta yi karatun likita a Jami'ar Oxford ta Ingila a lokacin da mata likitoci ba su da yawa, ta gama a 1923. A 1929, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda, aka tura ta aiki ƙasar Gana, wadda a zamanin Turawa ake kira Gold Coast.

A asibitin yara na Akra ta riƙa ganin wata cuta mai kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Ƙafafu da fuska su kumbura, fata ta riƙa saɓulewa, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya ƙi abinci, ga zawo. Littattafan da ta karanta a Ingila ba su bayyana wannan cuta ba. Maimakon ta raina mutanen ƙasa, sai ta zauna tana tambayar iyaye mata da ma'aikatan jinya. Daga bakinsu ta ji cewa kabilar Ga suna kiran cutar kwashiorkor, wato ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda ƙani ya zo. Ta lura kuma cewa da zarar an yaye su, kunun masara kaɗai ake ɗura musu. Da ta ba su madara, waɗanda aka kawo da wuri suka farfaɗo.

Ta rubuta abin da ta gani a 1933, tana zaton wani ɓangare na furotin ne ya yi ƙaranci. A 1935 ta sake rubutu a mujallar likitoci ta Lancet, ta sa wa cutar sunan da mutanen Akra suka ba ta. Wasu manyan likitoci a Landan suka yi mata musu, suka ce wata tsohuwar cuta ce da aka riga aka sani. Ba ta janye ba, kuma yau duniya duka da sunan nan take kiran cutar.

Ga yadda abin yake. Furotin kamar carbi ne da aka jera da ƙananan duwatsu iri 20, ana kiran su amino asid. Tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole daga abinci za su zo. Masara da gero da dawa suna da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin, amma wake yana da shi da yawa. Saboda haka yaro yana iya cika ciki da koko kullum, jikinsa kuwa yana jin yunwa. Daga baya masana sun gano cewa ƙyanda da zawo da sauran cututtuka su ma suna da hannu wajen tayar da wannan ciwo.

A 1936 aka mayar da ita Malaya. A 1939 ta tsaya gaban manyan Singafo ta yi jawabi mai zafi a kan kamfanonin da ke tallar madarar gwangwani suna raba jarirai da nonon uwa. Da Japanawa suka ci Singafo a 1942 sai suka tsare ta a kurkukun Changi. Ta yi fiye da shekara uku a tsare, ta sha yunwa da ciwo, duk da haka tana jinyar 'yan'uwanta fursunoni. A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta rasu a Oxford ran 13 ga Yuli 1992, tana da shekara 98.

Me ya sa muka zaɓe ta? Domin abin da ta gani a Akra yana ƙofar gidanmu, mu muna ce masa tamowa. A 2024 ƙungiyar Likitocin Na-gari Na-kowa ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta sami kusan ɗaya cikin kowane huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 suna fama da rashin abinci mai gina jiki. Mun san yadda 'yan bindiga suka raba iyalai da gonakinsu da shanunsu, gidan da aka rasa saniya kuwa an rasa nono.

Don haka, ya ku ɗalibanmu, idan kun koma gida hutu, ko Kurya Madaro ko wani gari, ku dubi kwanon ƙannenku. A sa gyaɗa ko garin waken suya a kunu. A ba yaro wake da awara da ƙuli-ƙuli da zogale, da ƙwai ko nono in an samu. Ku roƙi iyayenmu mata kada su yi gaggawar yaye. In kun ga ƙafafun yaro biyu sun kumbura, kun danna da yatsa wurin ya loɓa, to, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira. Ku 'yan matanmu kuma, ku tuna mace ce ta yi wannan aiki, kuma ta fara shi ne da tambayar uwa me ɗanta ya ci.