Hajiya Gambo Sawaba: Matar Da Ta Sha Ɗauri Domin Ƙuri'ar Matan Arewa

Duk ɗan Mairuwa da ya taɓa baro Kano ko Kaduna ko Legas ya komo gida ranar zaɓe, ya san yadda iyayenmu mata kan yi sammako su kafa layi, wata da goyo, wata da sandar dogarawa. Yaran yanzu na iya ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali kuwa a zaɓen tarayya na 1959, wanda ya kafa gwamnatin da ta karɓi mulkin kai, ko mace ɗaya ba ta jefa ƙuri'a a Jihar Arewa ba. Shi ya sa a bana shafinmu na tarihi ya leƙa maƙwabtanmu Zazzau, domin tunawa da marigayiya Hajiya Gambo Sawaba.

An haife ta a 1933. Mahaifinta Isa Amarteifio mutumin ƙasar Ghana ne, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Zariya, ya musulunta; mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake tagwaye ta biyo, sai Gambo ya bi ta. Ta ɗan taɓa karatun firamare a Tudun Wadan Zariya, sai mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Tana da shekara 13 aka yi mata aure.

Kafin a gane abin da ta yi, sai an san yadda zaɓe yake a wancan zamani. A ƙarƙashin tsarin mulkin Makfasan na 1951, namiji baligi mai biyan haraji ne kawai ke da ƙuri'a a Arewa, kuma ko shi ɗin ba ɗan majalisa yake zaɓa kai tsaye ba. Mutanen ƙauye su zaɓi wakilai, wakilan su je gunduma su zaɓi wasu, haka ake ta tacewa hawa-hawa har a kai ga lardi, inda En'e ke da ikon cusa nata mutane. Kafin a kai ƙarshe, muryar talaka ta narke kamar gishiri a ruwa. Haka aka yi wa jam'iyyar NEPU a Kano a shekarar: ta yi nasara a matakin farko, amma ta tashi a tutar babu a matakin ƙarshe. Wannan halin maza ke nan. Mata kuwa ba a ma sa su cikin lissafi ba.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Gambo kuma ta shige ta tana ƴar shekara 17. Ba a jima ba ta zama shugabar mata ta reshen Sabon Garin Zariya, kalmar Sawaba, wadda ita ce taken jam'iyyar, ta manne da sunanta har abada. Ta yi tattaki har Abeokuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, domin ta ga yadda matan can suka haɗa kansu. Da ta dawo sai ta kama shiga gida-gida tana yi wa matan kulle bayani, ta kuma hau dandamali ta yi magana a gaban maza, abin da a lokacin ake ɗauka tsaurin ido ne da rashin kunya.

Ta kuwa ɗanɗana kuɗarta. A Kano an kama ta tare da matan da ta tara, aka gurfanar da su gaban alƙali bisa laifin yin taro ba izini, aka ɗaure su, daga baya aka kore ta daga garin. Masu rubuta tarihinta sun ƙidaya ɗauri 16 da ta sha a rayuwarta, ban da dukan ƴan banga da askin wulaƙanci da aka yi mata a gidan yari. A 1956 ta shiga cikin matan da suka je ofishin Firimiya Sardauna a Kaduna suna neman ƙuri'a, amma haƙarsu ba ta cim ma ruwa ba.

Hujjar jam'iyyar NPC mai mulki ita ce addini da al'adar Arewa ba su yarda mace ta fita zaɓe ba. A ganina hujjar tana da rauni, a ƙasar da Nana Asma'u ƴar Shehu ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun ƙarni na 19. Ga kuma wani abin dubawa: a 1959 Arewa ta sami kujeru 174 cikin 312 na majalisar wakilai, saboda yawan jama'arta, kuma a cikin wannan yawan har da mata. Wato an ƙirga su wajen rabon kujeru, an manta da su wajen zaɓen masu hawa kujerun. A lokacin nan matan Jihar Gabas sun fara zaɓe tun 1954. Kai, ko ƴan uwanmu Hausawa na Maraɗi, dokar Faransa ta 1956 ta ba mazansu da matansu ƙuri'a baki ɗaya. Bakatsiniyar da aure ya kai ta tsallaken iyaka tana da abin da yayarta ta Funtuwa ba ta da shi.

Jamhuriya ta farko ta faɗi a 1966 ba a gyara wannan ba. Sai a 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta buɗe wa matan Arewa ƙofa, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da ƙuri'a ga duk ɗan ƙasa mai shekara 18, mace ko namiji. Gambo ta kai shekara 43 kafin doka ta ba ta abin da ta sha ɗauri dominsa. A zaɓukan 1979, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kakanninmu mata suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Ita kuma a jamhuriya ta biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

A yankinmu yau ba doka ce ke tare mace ba. Matsalar tsaron da ta addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ta raba mutane da yawa da ƙauyukansu, kuma wadda ta gudo da ƴaƴanta cikin dare, rumfar zaɓenta tana can inda ta baro, watakila har da katin. Dokar zaɓe ta yarda mutum ya nemi a mayar da rajistarsa inda yake zaune, amma bazawarar da ke raɓe a gidan dangi a Funtuwa, wa ya gaya mata? Mu da ke birane mun san hanyar ofishin INEC, su kuwa akasarinsu ba su sani ba.

Bayan ta janye daga siyasa, Hajiya Gambo ta ci gaba da zama a Zariya, gidanta a buɗe ga marayu da marasa galihu, tana riƙon ƴaƴan da ba ita ta haifa ba. Allah Ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2001. An sa sunanta ga babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya, da kuma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Allah Ya jiƙan ta da rahama, amin.