James Grant, mai yawo da maganin gudawa a aljihu

Duk uwar da ta taɓa dama wa ɗanta ruwan gishiri da sukari da tsakar dare ta ci moriyar aikin James Grant, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba.

An haife shi a birnin Beijing na ƙasar Sin a 1922, inda mahaifinsa ke aikin likita. Shi kuwa karatun lauya ya yi a Amurka. A 1980 ya zama shugaban UNICEF, lokacin da ake kiyasin yara kusan 40,000 na mutuwa kullum, yawancinsu daga gudawa, ƙyanda, tarin shiƙa da tamowa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, maganin akwai shi, ga araha, amma fa ba ya isa ƙauye.

A 1982 ya sa hukumar ta duƙufa kan abubuwa huɗu: awon yara, ruwan gishiri da sukari, shayar da nono da allurar rigakafi. Ko fadar shugaban ƙasa zai shiga, da ƙunshin maganin a aljihunsa, ya zaro ya nuna. Bai bar wa likitoci aikin su kaɗai ba. A Turkiyya a 1985, limamai da malaman makaranta ne suka yi ta kiran iyaye su fito da yara. A shekarar ce kuma aka tsagaita wuta a yaƙin basasar El Salvador don a yi rigakafi. Zuwa 1990, yaran da ake yi wa allura a ƙasashe masu tasowa sun tashi daga kamar kashi 20 cikin 100 zuwa wajen 80.

Sai dai gangami ba ya zama asibiti. Masu suka sun ce in ba a gina ƙananan asibitoci ba, nasarar ba za ta ɗore ba, kuma lallai a wasu ƙasashen Afirka rigakafin ya ja baya daga bisani. Shi ma ya hango haka: a Bamako a 1987 ya gabatar da tsarin da jama'ar gari ke sa hannu wajen tafiyar da asibitinsu.

Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 28 ga Janairu, 1995. Allurar dai tana nan a asibitin unguwa. Saura mu kai yaran.